Yadda Ake Gano Abincin Sinawa Na Ainihi A Gidan Abincin Unguwa

Ɗan kasuwa sai ya shekara goma yana zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya, ya san unguwar kasuwanni ta Sanyuanli lungu-lungu, ya san inda ake cika kwantena, amma in ka tambaye shi me yake ci a can, sai ya ce shinkafa da kaza a gidan abincin Larabawa, ko tuwon da wata baiwar Allah ke tuƙawa a unguwar Xiaobei. Tsoron alade ne ya hana shi, da rashin jin yare, da kuma wani abu mai zaƙi kamar alawa da ya taɓa ci a gida da sunan abincin Chana. Ga shi kuwa a bayan otal ɗin da yake sauka akwai ƙaramin shago inda Musulmi ke murza taliya da hannu tun asuba.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe tun farko: Sin ba ta da abinci iri ɗaya. Kowane yanki da girkinsa, yadda tuwon Zazzau ya bambanta da biskin Borno, har ma ya fi haka nisa. Abincin ainihi shi ne wanda mutanen wani yanki suka dafa domin bakin mutanen yankinsu. Saboda haka aikinka guda biyu ne: ka san girkin wane yanki kake nema, sannan ka gano inda 'yan yankin suke zama su ci.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Waya mai intanet. Taswirar Google ba ta aiki yadda ya kamata a Sin, don haka ka sauke Amap, wadda su suke kira Gaode, ko taswirar Baidu tun kafin ka tashi. Ka haɗa da Dianping, manhajar da Sinawa ke zuba hotunan abin da suka ci suna yabawa ko kushewa, da kuma WeChat, wadda za ka iya haska rubutu da ita ta fassara maka.

Hanyar biyan kuɗi. Kusan kowa da Alipay ko WeChat yake biya. In katinka bai haɗu da su ba, ka riƙe ƙananan takardun yuwan, na 10 da na 20, domin ƙananan shaguna ba su cika ajiye canji ba.

Katin magana. Yaren Sinanci yana da hawa da saukar murya kamar Hausa, kuma in ka kuskure karin sauti ma'ana ta canza. Kada ka dogara da bakinka. Ka ajiye waɗannan a hoto a wayarka, ka riƙa nunawa:

我是穆斯林，我不吃猪肉。 Ni Musulmi ne, ba na cin naman alade.
不要猪油，不要料酒。 Ban da man alade, ban da giyar girki.
微辣 Yaji kaɗan.

Haruffa 'yan kaɗan da za ka haddace da ido: 清真 halal, 猪 alade, 牛 sa, 羊 rago, 鸡 kaza, 鸭 agwagwa, 鱼 kifi, 虾 jatan lande, 酒 giya, 辣 yaji, 面 taliya, 饭 shinkafa, 汤 romo. Kwana biyu sun isa su zauna maka.

Abokan ci. Mutum uku ko huɗu sun fi, domin yawancin girkin an yi shi ne a ajiye a tsakiya kowa ya ɗiba. In kai kaɗai ne, gidan taliya ne wurinka. Sai ƙunshin tishu a aljihu, don wasu wuraren sayar da shi suke yi.

MATAKI NA 1: ZAƁI YANKIN DA KAKE SON ƊANƊANAWA

Su Sinawa suna lissafa manyan girke-girke takwas: na Sichuan, Guangdong, Shandong, Jiangsu, Zhejiang, Fujian, Hunan da Anhui. Ba sai ka san su duka ba. Ga waɗanda za ka fi cin karo da su.

Girkin Guangdong, lardin da Guangzhou take, ba shi da yaji. Turara suke yi da gajeren soye, suna so ka ji ɗanɗanon kifi ko kazar da kanta. Na Sichuan yana da barkono da wani ɗan ƙwaya da ake kira huajiao mai kashe harshe. Na Hunan ya fi zafin barkono tsagwaronsa, kuma shi ne mafi kusa da bakin wanda ya saba da attaruhu. Mutanen Jiangsu da Zhejiang, lardin da birnin kasuwanci na Yiwu yake, suna son ɗan zaƙi a miya.

Bayan waɗannan takwas akwai girkin arewa maso yamma, kuma ga Musulmi nan ya kamata a fara. Yankunan Gansu, Ningxia, Qinghai, Shaanxi da Xinjiang ƙasar alkama ce da rago da sa. 'Yan ƙabilar Hui, waɗanda yawansu ya haura miliyan 11, da 'yan Uygur, su suka riƙe wannan girki shekaru ɗaruruwa. Abincinsu na Sin ne cikakke, waɗanda ba Musulmi ba ma layi suke yi a kansa. Wanda ya ci shi bai rage komai daga ainihin ba.

MATAKI NA 2: NEMI ALAMAR 清真

Ana furta ta kusa da "cing-jan". Yawanci za ka gan ta a allo mai launin kore a saman ƙofa. Kada ka tsaya neman rubutun Larabci: daga wajajen 2018 zuwa 2019 an cire shi daga allunan shaguna a birane da dama, haruffan Sinanci biyun nan kawai suka rage.

Allo shi kaɗai bai isa ba. Leƙa ciki. A gidan Hui na gaskiya za ka ga maza da farar hula, mata da ɗankwali, sau da yawa iyali ɗaya ne ke aikin, yaro yana rubutun makaranta a teburin ƙarshe. A bango akan manna sanarwa cewa ba a shigo da abincin waje. Ka yi sallama. Amsar da za ka samu za ta faɗa maka abin da allon bai faɗa ba. Ka sani kuma wasu gidajen gashi masu wannan alama suna sayar da giyar kwalba ga masu so, ko da naman na halal ne. In hakan ya dame ka, firij ɗin da ke bakin ƙofa zai nuna maka tun kafin ka zauna.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka bi masallaci. A Guangzhou, kewayen masallacin Huaisheng da ke titin Guangta cike yake da mahauta da gidajen abincin Musulmi, kuma ba nisa da nan, a titin Zhongshan na shida, akwai tsohon gidan abinci Huimin Fandian inda ake yin girkin Guangdong na halal, har da ƙananan kayan karin safen nan da ake kira dim sum. A Beijing titin Niujie ne, a Xi'an kuwa unguwar Hui da ke bayan hasumiyar ganga. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, duba inda 'yan gari suka nufa, ka bi su.

Kuskuren da baƙi suka fi yi: su ga shago mai araha cike da mutane mai suna 沙县小吃, wato Shaxian, su faɗa. Irin waɗannan shaguna suna ko'ina, na ainihi ne kuwa, amma alade ne ginshiƙin girkinsu, har romon. Wanda kake nema shi ne 兰州拉面, taliyar Lanzhou.

MATAKI NA 3: BINCIKA A WAYA, SANNAN KA TAKA DA ƘAFA

Buɗe Dianping ko Amap, ka liƙa 清真 a wurin nema, ko ka haɗa shi da sunan yanki, misali 新疆 na Xinjiang. Kada yawan taurari ya ruɗe ka, sabon wuri yakan raba kyautar abin sha don a yabe shi. Hotunan da masu ci suka ɗauka da kansu za ka duba. In hoton abinci ɗaya yana ta maimaituwa, shi ne abin da gidan ya ƙware a kai. Ajiye hoton, da shi za ka yi oda.

Daga nan ka fita daga babban titi. Wurin da ke jikin babban otal ko ƙofar kasuwar baƙi, mai yaro a waje yana kiranka da Turanci, ya riga ya gyara girkinsa don bakinka. Shiga lungu na biyu ko na uku, inda gidajen kwana suke, kusa da kasuwar kayan miya ko makarantar firamare. Haya ta fi sauƙi a nan, kuma mai shagon da maƙwabta yake rayuwa, waɗanda in ya ɓata girki sau biyu ba za su dawo ba.

Lokaci ma yana cikin binciken. Sinawa da wuri suke ci: rana daga ƙarfe 11:30 zuwa 1, dare daga 5:30 zuwa 7:30. In ka je ƙarfe uku, za ka tarar da kuku yana barci a kan kujeru, ba za ka iya gane wurin kirki da na banza ba. In babu intanet, matambayi ba ya ɓata, sai dai ka san yadda za ka yi tambayar. Kada ka ce wa mai sayar maka da kaya ina ne ya fi kyau, zai kai ka wuri mai tsada don ya girmama ka. Ce masa ya nuna maka inda shi yake cin abincin rana.

MATAKI NA 4: TSAYA A BAKIN ƘOFA MINTI BIYU

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Su wa ke ciki? In tsofaffi ne da leburori da iyaye da yara, alama ce mai kyau, tsoho ba ya ɓarnar kuɗinsa a wurin da bai gamsu ba. Duba tebura: kwanuka sun ƙare ko an bar rabi? Saurara: daga kicin kana jin rurin wuta da ƙarar cokali a kasko? Wannan yana nufin kowane kwano sai an yi oda ake soya shi. In shiru ne sai ƙarar na'urar ɗumama abinci, daga leda ake zazzagowa.

A bango, kusa da wurin biyan kuɗi, akan rataye lasisin sayar da abinci da allon binciken tsafta mai hoton fuska. Fuska mai dariya ita ce mafi daraja, mai murmushi ta biyu, wadda ba ta fara'a ta uku. Tsufan kujeru da ƙuncin wuri ba aibu ba ne, amma warin tsohon mai, ko ɗanyen nama a buɗe ba sanyi, dalili ne na juyawa.

MATAKI NA 5: KARANTA JERIN ABINCIN

Gajeren jeri ya fi dogo. Gidan da ke da abinci ashirin duk na yanki ɗaya ya san abin da yake yi. Wanda ya haɗa na Sichuan da na Guangdong da soyayyen dankalin Turawa da biza a littafi mai shafi talatin, ba kuku ɗaya da zai iya su duka. Nemi 招牌, ma'ana abin da gidan ke alfahari da shi, da 家常菜, girkin gida. Abin da aka rubuta da hannu aka manna a bango shi ne na ranar.

Ga gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci. Harafin 肉 yana nufin nama, amma a wurin da ba na Musulmi ba, in ya zo shi kaɗai ba tare da 牛 ko 羊 ko 鸡 a gabansa ba, alade ake nufi. Fassarar waya za ta ce maka "nama" kawai, ka yi oda da zuciya ɗaya. Haka 红烧肉 da 回锅肉 da 叉烧 duk alade ne, haka ma mafi yawan ƙunsassun fulawar da ake turarawa a kwandon gora.

MATAKI NA 6: YI ODA

A gidan taliyar Lanzhou abin ba wuya. Ka ce niurou mian, taliya da naman sa. Za a tambaye ka kauri: maoxi siririya kamar zare, xi siririya, erxi ta ɗan fi kauri kuma ita ta fi daɗin tauna, jiuye mai faɗi kamar lawashi, dakuan mai faɗin ɗamara. Mai farawa ya ɗauki erxi. Naman da ke zuwa a kai 'yan yanka ne ƙalilan, haka tsarin yake. In kana son ƙari ka nuna 加肉 ka biya daban, ka haɗa da dafaffen ƙwai. Kwano ɗaya yawanci tsakanin yuwan 10 ne zuwa 20.

A gidan Xinjiang ku huɗu ku yi haka: babban faranti ɗaya na dapanji, wato kaza da dankalin Turawa da tattasai cikin jan romo, tsiren rago uku-uku ga kowa, nang biyu, wanda ɗan'uwan gurasa ne da ake gasawa a tanderu, sai sanyayyen kwano ɗaya na kokwamba da tafarnuwa, da ganye ɗaya soyayye. In rana ce ka tambayi zhuafan, dafa-dukan shinkafa da karas da naman rago. A babbar tukunya ake yin ta sau ɗaya, in ta ƙare ta ƙare.

A gidan da ake soye-soye, ƙa'idar ita ce kwano ɗaya ga kowane mutum, a ƙara ɗaya. Ku huɗu, kwano biyar: nama ɗaya, kifi ko kaza ɗaya, awara ko ƙwai ɗaya, ganye ɗaya, romo ɗaya. Awarar nan da muke soyawa da yaji ita ce doufu ɗinsu, can ne ma asalinta, kuma suna sarrafa ta ta hanyoyi da yawa. Kada ku yi odar abu mai yaji duka, ko soyayye duka. Shinkafa daban ake kiranta, kuma a wurare da dama sai a ƙarshe ake kawowa, don haka ka ce mifan tun farko.

Game da yaji, ko kana ji da kanka ka fara da 微辣 a gidan Sichuan ko Hunan. Ma'auninsu daban yake.

In kifi ne daga tanki, ana sayar da shi ne da jin, wato rabin kilo. Farashin da ka gani na jin ɗaya ne. Ka sa a auna a gabanka, a faɗi jimilla, kafin a kai shi kicin. In ka ga 时价, farashin ranar ke nan, lallai ka tambaya. A nan ne baƙi suka fi shan mamaki lokacin biya.

MATAKI NA 7: GWADA ABIN DA AKA KAWO

Taliyar Lanzhou tana da ma'auni biyar da mutanen garin suka sani: romo garau, farin luobo (wani tushe mai kama da farin karas) yankakke, jan man barkono, koren ganye, taliya mai ɗan rawaya. Kurɓi romon kafin ka juya. Ya kamata ka ji ƙashin sa da aka daɗe ana tafasawa da ƙamshin kayan yaji, ba gishiri da farin magi kaɗai ba. Taliyar kuwa a gabanka ya kamata a ja ta: mai murzawa ya kama curin ƙullu, ya miƙe hannuwa, ya ninka, ya sake miƙewa, kowane ninki silin ya ruɓanya, cikin ƙasa da minti ɗaya ya wurga ta a tukunya. Ka ci nan take. Minti biyar ya isa ta jiƙe ta saki, shi ya sa ƙunsa ta zuwa otal asara ce.

Soye na ƙwarai yana zuwa da zafi yana tururi, da wani ɗan ƙauri mai daɗi na wuta da mutanen Guangdong ke kira wok hei, numfashin kasko. Ganyen kore shar, yana ƙaras-ƙaras. In ka ga ruwa ya kwanta a ƙasan faranti, wutar ba ta kai ba ko an cika kaskon da yawa. In miya ta yi kauri tana yauƙi ta rufe komai da launi ɗaya, an zuba sitaci ne don a rufe rauni.

Turararren kifi: tsoka ta rabu da ƙaya da ɗan taɓawa, fara, ba ƙarni, a kai citta da lawashi da ruwan waken suya da aka watsa wa mai mai zafi. Dapanji: dankalin ya sha romo har ciki, kuma in kun ci rabi a kawo faffaɗar taliya a zuba a sauran romon. Tsiren Xinjiang ba shi da ƙuli. Gishiri ne da barkono da ziran, abin da Larabawa ke kira kammun, da guntun kitse a tsakanin tsoka.

Abubuwa uku kan tsorata baƙo alhali daidai suke. Na farko, huajiao: leɓɓanka za su yi zir-zir kamar an sa musu lantarki, harshe ya mutu na 'yan mintuna. Haka ake so, zai wuce. Na biyu, tulin busasshen barkono a faranti: don ƙamshi aka zuba, tsince naman za ka yi ka bar shi. Na uku, kaza da ƙashinta ake sara ta ƙanana, ka tauna a hankali, ka ajiye ƙashin a ɗan farantin gabanka. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi ko jatan lande ya sa a rubuta masa wannan ma a katinsa, domin suna shiga miya ba a gani.

MATAKI NA 8: IN BABU GIDAN HALAL A KUSA

Yana faruwa, musamman a garuruwan masana'antu. Ka san cewa a gidan da ba na Musulmi ba, kaza da sa ba yankan Musulunci ba ne. Abin da ya rage shi ne kifi, ƙwai, awara da ganye, su ma da sharaɗi, don akwai abubuwa huɗu da ke ɓoye: man alade da ake soya ganye da shi don ƙamshi, giyar girki ta Shaoxing da ake zuba wa kifi da nama, romon ƙashin alade da ake tsoma ludayi a ciki a zuba wa kusan komai, da niƙaƙƙen naman da ake barbaɗawa a kan ɗanyen wake ko yalo ko awara. Mapo doufu, shahararriyar awarar Sichuan, asalinta da naman sa ake yi, amma gidaje da yawa da alade suke yin ta. Kaskon kuma ɗaya ne.

Mafita mafi tsabta ita ce gidan 素食, na masu bin addinin Buddha da ba sa cin nama ko kaɗan; ana samunsu kusa da wuraren ibadarsu. In shi ma babu, nuna katinka, ka nemi ƙwai da tumatir, 番茄炒蛋, ko siraran dankali mai tsami, 土豆丝, ko turararren kifi ba giya. In mai shagon ya yi jim, ko ya ce "kaɗan ne kawai", gode masa ka fita. Dafaffen ƙwai da masara da dankalin Hausa gasasshe da 'ya'yan itace suna nan a bakin titi, za su riƙe ka zuwa gobe.

MATAKI NA 9: ZAMAN TEBUR DA BIYA

A Guangdong za a kawo maka butar shayi mai zafi da roba. Zagayen farko na ɗauraye kofi da kwano da tsinken cin abinci ne, ka zubar a robar. In wani ya zuba maka shayi, ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Kada ka soke tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, yana kama da turaren da suke kunna wa mamaci. In tsinken ya gagare ka, nemi cokali, shaozi, ba wanda zai ga baikenka. A gidan Musulmi kada ka shiga da ledar abincin wani wuri.

In kun gama ka ɗaga hannu ka ce maidan, a kawo lissafi. Za ka iya ganin kuɗin shayi na kowane kai, da yuwan ɗaya ko biyu na kwanukan da suka zo a naɗe cikin leda. Al'ada ce, ba cuta ba. Ba a bayar da tukuici. Abin da ya rage ka ce dabao a ƙunsa maka. Kafin ka fita ɗauki hoton allon ƙofar, don shi za ka nuna wa direba ran da za ka dawo.

IN A GIDA KAKE: KANO, ABUJA, LEGAS KO YAMAI

Yawancin abin da ake sayarwa da sunan abincin Chana a garuruwanmu ya biyo ta hannun Turawa ne. Kazar nan mai zaƙi da ake kira ta Janar Tso, wani kuku ɗan Hunan mai suna Peng Chang-kuei ne ya ƙirƙiro ta a Taiwan, aka ƙara mata sukari a New York a shekarun 1970. Biskit mai 'yar takarda a ciki kuwa a Amurka ya yaɗu, a Sin ba a san shi ba. Soyayyiyar shinkafa da jar miya mai zaƙi ba laifi ba ne ga mai so, amma in na ainihi kake nema, ga yadda za ka yi.

Bi ma'aikatan. Duk inda kamfanonin Sin ke aikin hanya ko layin dogo ko masana'anta, akwai inda ma'aikatansu ke ci. Sau da yawa gida ne a cikin unguwa, allonsa da Sinanci, da ɗan kanti a gefe mai sayar da ruwan waken suya da busasshiyar taliya, motocin kamfani a ƙofa da tsakar rana. Tafintan da ke aiki da su ko direbansu shi ne zai kai ka.

In ka shiga, irin waɗannan wurare kan ajiye jeri biyu: na Turanci don baƙi, na Sinanci don 'yan gida. Nemi na biyun, ka haska shi da waya. Tambayi daga wane lardi kukun ya fito, ka yi odar abincin lardinsa. In ɗan ƙasa ne ke girkin kada ka raina, da yawa sun shekara suna koyo a hannun Sinawa; ce masa ya dafa yadda yake dafa wa maigidan. Gwaji mai sauƙi shi ne ƙwai da tumatir da siraran dankalin nan: ba su da tsada, kowane Basine ya tashi da su, kuma dankalin zai nuna maka hannun kuku, ya zo siri-siri daidai wa daida, yana ƙaras, da ɗan tsami.

Ka lura da abu guda a nan: gwargwadon yadda gida yake dafa wa Sinawa zalla, gwargwadon yiwuwar akwai alade da giyar girki a kicin ɗinsa, ko da a garin Musulmi yake. Ka tambaya kai tsaye, ka tambayi inda suke sayen nama, kuma ka tambayi ma'aikacin kicin ɗan gari da Hausa, ba mai karɓar baƙi kaɗai ba. In akwai alade a gidan, ka koma kan ƙa'idar mataki na 8, ko ka kira tun da safe ka nemi a wanke kasko a dafa naka da man gyaɗa kafin cunkoson rana ya fara.